BABA TA KARO (1877–1951): Tsohuwar da ba ta haifa ba, amma ta bar mana labarin haihuwa

A wannan fili mun saba kawo muku tarihin sarakuna da malamai da mayaƙa, mutanen da maroƙa suka riga suka yi musu aiki tun kafin mu zo. Yau za mu bar ƙofar fada mu shiga cikin gida, mu wuce zaure har wajen murhu, domin wadda za mu yi magana a kanta a nan ta yi rayuwarta. Sunanta Baba, mutuniyar Karo. Ba ta yi sarauta ba, ba ta shiga lakwal ba, kuma har ta koma ga Mahaliccinta Allah bai ba ta haihuwa ba. Duk da haka, ɗalibin da ya zauna a wata jami'a ta Faransa ko Ingila ko Amurka yana son ya san yadda Bahaushiya ke haihuwa, da yadda gida ke karɓar jariri, da abin da ake yi da yayan jaririn nan da aka sauke daga baya, da wuya ya gama karatunsa bai bi ta bakin wannan tsohuwa ba.

An haifi Baba wajen shekarar 1877 a Karo, wani ɗan ƙauye kusa da garin Zarewa, a kan iyakar ƙasar Zazzau da ta Kano. Mahaifinta, Tsoho, manomi ne kuma malami, mahaifiyarta kuwa Fatsuma. Abin da zai ja hankalin mutanen Gure a nan shi ne asalin gidansu. Barebari ne. Kakanninta daga Barno suka taso suka yi yamma, suka sami ƙasar noma suka zauna, har suka zama Hausawa a baki da al'ada, sai dai ba su manta inda suka fito ba. Mu da ke zaune a ƙasar Muniyo ba sai an yi mana dogon bayani ba, tunda mun san gidaje da yawa inda kaka ke zagi da Barbarci, jika na rama mata da Hausa.

Ta tashi a zamanin da gida mai hali yake da rinji, wato ƙauyen bayi masu noma. Danginta suna da nasu, kuma ƴaƴan gida da ƴaƴan bayi tare suke wasa, tare suke girma. Zamanin kuma na tsoro ne. Mahara kan faɗo daga duwatsun Ningi, wani lokaci ma daga cikin ƙasar Zazzau ɗin kanta, su kwashi mata da yara a gona ko a hanyar kasuwa. A cikin abubuwan da ta ba da labari akwai wani da ya tsaya mana a rai. An kai hari aka kama matar ɗan'uwan mahaifinta tare da ƴaƴanta, alhali tana da ciki. Dangi suka bi sawu har suka gano inda aka sayar da su, aka zauna cinikin fansa. Da wuri ake biya a lokacin, kuma kuɗin sun kai dubu ɗari-ɗari. Aka yanka wa matar kuɗinta, aka yanka wa yaran nasu, sannan aka yanka wa cikin nasa kuɗin daban. Dangi suka haɗa suka biya. Wato ɗan da bai zo duniya ba, ba a san ko namiji ne ko mace ba, ba a san ma ko zai zo da rai ba, an riga an ƙidaya shi cikin mutanen gida. Mai saye ya yi haka ne don haɗama, amma dangin da suka yarda suka biya sun nuna yadda suke kallon ciki.

Tana da shekara ashirin da ƴan kai duniya ta juya. Faransawa suka shiga Damagaram a 1899, Ingilishi suka shiga Zariya a 1902, suka ci Kano a 1903. Baba ba ta ɓoye ba cewa talakawa irinsu, musamman mata, sun ji sauƙi da zuwan Turawa, saboda hari ya tsaya, mace na iya zuwa ganin danginta ba tare da fargabar igiya ba. Wannan magana tana da nauyi a kunnenmu, mu da muka san abin da ayarin Faransawa ya yi wa Birnin Ƙonni a 1899. To amma ita abin da idonta ya gani take faɗi, kuma ta faɗi ɗaya gefen: bayi da yawa sun watse, gonaki sun ragu, arzikin gidansu ya ja baya. Turawan Ingilishi sun kafa doka cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ba a mallakarsa. Ke nan a rinji ɗaya ana iya samun wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wan bawa, ƙanen ɗa.

Aurenta huɗu. Na fari auren zumunci ne, aka ba ta wani ɗan'uwanta mai suna Duma tana wajen shekara goma sha huɗu. Ta bi umarnin iyaye ta zauna, amma zuciyarta na wajen Malam Maigari, kuma bayan wasu shekaru ta fito ta aure shi. Sun daɗe tare kafin su rabu. Na uku shi ne Malam Hasan, manomi kuma yarin Fagaci, hakimin Giwa, wanda ta zauna da shi har mutuwa ta raba. Na ƙarshe, da Ibrahim, irin auren nan ne na tsufa da ake kira auren takalmi, kowa na zaune gidansa. Ba za mu daɗe a kan wannan ba, ko da yake masu nazari sun fi son tsayawa a nan, suna ƙirga yawan saki a ƙasar Hausa.

Abin da ya fi damunmu shi ne, a duk gidajen nan huɗu ba ta taɓa haihuwa ba. Mai karatu ya san abin da wannan ke nufi ga mace a wancan zamani, har ma a namu. Ya san sunan da ake kiranta da shi a bayan ido, ya san irin gorin da ke fitowa daga ɗakin kishiya ranar da aka yi faɗa, ya san yawon neman magani wajen malamai da masu bori. Amma Baba ba ta tsufa ita kaɗai a ɗaki ba. Dangi sun ba ta ƴaƴa ta riƙe, abin da ake kira riƙo ko tallafi. Ta goya, ta yi tarbiyya, ta aurar, aka haihu aka kawo mata jikoki. Wanda ya ga tsakar gidanta a Giwa ba zai ce gidan matar da ba ta haihu ba ne.

A Giwa ɗin ne, a ƙarshen 1949, ta gamu da wata Baturiya mai suna Mary Smith. Mijinta, M. G. Smith, mutumin Jamaika ne mai nazarin zaman al'umma, ya zo ƙasar Zazzau yana binciken noma da kasuwanci da sarauta, shi ne ma ya rubuta littafin nan na tarihin mulkin Zazzau da ya fito a 1960. Amma shi namiji ne, iyakarsa zaure. Matar ce ta koyi Hausa ta shiga cikin gidaje wajen matan kulle, kuma a can ta lura da wata tsohuwa mai kaifin tunani, mai ban dariya, wadda kowa ke zuwa wajenta neman shawara. Daga Nuwamban 1949 zuwa Janairun 1950 suka riƙa zama, Baba na faɗi da Hausa, Mary na rubutawa. Baba tana da shekara saba'in da ƴan kai a lokacin. Ta ba da labarin yaƙi da yunwa da aure da ƙawance da bori, amma inda bakinta ya fi buɗewa, a ganinmu, shi ne wajen haihuwa da goyo. Matar da ba ta taɓa durƙusawa ba ta zauna a ɗakin haihuwa sau ba iyaka, kuma da yake ba ita ke naƙuda ba, ta sami damar kallo.

Yawancin abin da ta zayyana tsofaffinmu na Gure za su gane shi. Haihuwar fari ta dangin mace ce, gidan iyayenta take komawa. Tun ciki na ƙarami miji ke tara itace, domin jego wuta yake ci. Mai naƙuda ba ta kuka, kunya ta hana. Ungozoma ta yanke cibiya, a binne mabiyiya a bayan ɗaki. Daga nan sai wanka, safe da yamma, da ruwa mai tsananin zafi ana fyaɗawa da ganye, kwana arba'in ga wasu, ga mai haihuwar fari kuwa har watanni. Sai kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, sai nama mai yaji, sai kunun kanwa. A nan ma akwai hannunmu a ciki, domin tafkunan Muniyo da Mangari suna cikin wuraren da fatake ke ɗibar kanwa a kan jakuna da takarkarai suna kaiwa kasuwannin Kano da Zazzau. Ba mamaki kanwar da aka dama wa masu jegon Karo kunu da ita daga bayan garin nan namu ta tashi.

Ranar bakwai ake suna. Maza su taru da sassafe a ƙofar gida, a raba goro, liman ya raɗa suna, a yanka rago. Wanzami ya zo ya yi aski, ya yi tsagar gida. Da yamma mata su cika gida da guɗa da kayan barka. Wannan duka mai karatu ya sani. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne suna na biyu, wanda tsofaffin mata ke laƙabawa a cikin gida, wanda sau da yawa shi ke bin mutum har kabari. Sunan yanka daga littafi yake fitowa, amma laƙabi daga tsakar gida, kuma rabinsa bayani ne a kan yayyen jariri. Namijin da ya biyo mata shi ne Tanko. Macen da ta biyo maza ita ce Kande ko Delu. Wanda ya biyo tagwaye Gambo. Wanda ya zo bayan yayyensa sun yi ta mutuwa a ba shi sunan da zai nuna kamar ba a damu da shi ba, irin su Ajuji, don kada mutuwa ta waiwayo. Wanda ya rufe ƙofa Auta. Wato tun ranar da aka fito da jariri, an gabatar da shi ne a matsayin ƙanen wane da wance. Yarinya mai shekara biyar da ta ji an ce da jariri Tanko, ta san cewa saboda ita da ƴan'uwanta mata ya sami sunan.

To, ina yayan yake a duk wannan hidima? Nan ne maganar Baba ta fi amfani gare mu.

Idan ɗan fari ne, tun asali ba a cinyar uwarsa ya dogara ba. Baba ta yi bayanin kunyar ɗan fari filla-filla: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, tana yi kamar ba ta san da shi ba, uba ma haka. Baturen da ya ji wannan yakan ɗauka rashin ƙauna ne. Amma wanda ya tashi a cikin abin ya san cewa ɗan fari ya fi kowa gata, domin na kakanni ne. Kaka mace ta kira shi mijinta, kaka namiji ya kira jikanya matarsa, a yi ta tsokanar juna, abin da ba zai taɓa yi da iyayensa ba. Ranar da aka haifi ƙanensa ba a ƙwace masa komai ba, tunda wurin da jaririn ya kwanta ba can ne wurinsa ba.

Sauran ƴaƴa kuwa, yaye ke raba su da uwa. Shayarwa wajen shekara biyu ce, daidai da abin da ya zo a Suratul Baƙara, kuma a tsawon wannan lokaci mai goyo tana nesa da shimfiɗar miji. Idan lokaci ya yi, ba a barin yaro ya yi ta kuka a gaban nonon da aka hana shi. Ɗauke shi ake yi a kai shi wajen kaka, ko gwaggo, ko wata tsohuwa ta dangi, a ba shi rubutu ya sha don ya manta, a lallashe shi da fura da ɗan nama. Wani ya yi kwanaki ya dawo. Wani kuma wadda ta yaye shi ta roƙa a bar mata, ya zauna ke nan, ita za ta yi masa kaciya ko ta yi mata kayan ɗaki. Saboda haka kafin sabon ciki ya tsufa, yaro ya riga ya sami bayan da zai hau da ɗakin da zai kwana. Sa'ad da aka kira shi ya zo ya ga ƙanensa, zuwa yake da ƙafarsa, riƙe da hannun wata uwar, a sa masa sabuwar riga ranar suna, a ba shi tsokarsa ta rago.

Mai karatu zai ga inda Baba ta shigo. Wannan tsari ba ya tafiya sai da mata irinta. Uwa mai haihuwa kowace shekara uku ba ta da baya biyu. Dole a sami wata mai baya a sake, kuma ba wadda ta kai gwaggon da ba ta haihu ba. Matar da ake yi wa gori a ɗakin kishiya, ita ce dangi ke nema ranar yaye. Da dabara ɗaya gidan Bahaushe ya share hawayen yaron da aka sauke, ya kuma share na matar da ba ta samu ba. Ba wani sarki ko malami da ya zauna ya tsara wannan, mata ne suka gina shi a tsakaninsu, kuma ba don Baba ta faɗa an rubuta ba, da sai dai mu riƙa jin guntu-guntunsa.

Abin da al'adar ta fi tsoro shi ne ciki ya shiga alhali ana goyo, wanda ake kira kwanika ko gwanne. Abin kunya ne ga mace da mijinta, har zambo ake yi musu. Tsofaffi kan ce nonon mai ciki yana lalata yaro. Likitoci ba su yarda nonon ke ɓaci ba, amma sun yarda da abin da tsofaffin suka gani, wato yaron da aka yaye ba shiri, aka mayar da shi kan kunu tsura, yakan rame ko ya kumbura, gashinsa ya yi ja. A ƙasar Gana, wata likita mai suna Cicely Williams, ita ma haifaffiyar Jamaika, ta yi rubutu a kan wannan ciwo a 1933, kuma a 1935 ta shigar da sunan da mutanen Ga na Ankara ke kiransa da shi cikin littattafan likitanci na duniya: kwashiyoko, wato ciwon yaron da sabon jariri ya ture. Mu tamowa muke cewa. Duk wanda ya leƙa wuraren jinyar yara a jihohin Damagaram da Maraɗi a 2005 ya ga cewa maganar karɓar sabon ƙane ta wuce maganar kishin yara, wani lokaci ran yayan ne a kan faranti. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna mace a Nijar na haihuwar ƴaƴa 7,6 a matsakaici. A ƙasa irin wannan kusan kowane yaro sai an sauke shi daga baya wata rana, sai Auta kaɗai.

A Faransa da Ingila akwai littattafan yara masu hotuna da aka rubuta musamman don wannan rana. Ana karanta wa yaro labarin wani ɗan zomo ko ɗan beyar da aka yi wa ƙane, ya yi fushi, daga baya ya huce. Sun yi haka ne saboda a gidajensu daga uwa sai uba, babu wani ɗakin da yaro zai gudu. Wasu iyaye ƴan boko a Yamai da Damagaram sun fara sayen irinsu, kuma ba mu ga laifinsu ba. Amma mu ma muna da namu, sai dai ba a takarda ba, kuma mai karantawar ita ce tsohuwar nan da aka kai yaro yaye wajenta. Da dare, bayan tuwo, ita ke buɗe tatsuniya. A lura da yawan tatsuniyoyinmu da ke magana a kan wa da ƙane. Ga Auta, wanda yayyensa suka raina, suka so su bar shi a baya, amma shi ya kuɓutar da su daga Dodo. Ga ƴar bora da ƴar mowa, inda wadda aka fifita ta ƙare da kunya. Ga yayar da ta bi ƙanenta har cikin ruwa ko cikin daji. Tatsuniyar ba ta yi wa yaro ƙaryar cewa babu kishi tsakanin ƴan'uwa, tana ma nuna shi tsirara, har da mugunta. Sai dai tana sa yaya ya ji cewa wannan ɗan jan abin da ke kwance yana kuka, wata rana shi zai cece shi. Frank Edgar ya tattara irin waɗannan labarai a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara wasu don yaran makaranta a farkon shekarun 1970, a nan gida kuma Bubu Hama ya yi irin wannan aiki da Faransanci. Sun adana labaran. Baba kuwa ta adana mana gidan da ake faɗarsu a ciki, da wadda ke faɗa, da dalilin da ya sa yaron yake kwance a ɗakinta a daren nan.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa duk abin da ta faɗa a koma masa. Ita kanta ba wa'azi ta yi ba, labari ta bayar, da daɗinsa da ɗacinsa, har da yawan jariran da ta ga an binne. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ƙasar Baba ke nan, sun lura da yawan masu jego da ke zuwa da kumburi da haki, zuciyarsu ta gaza. Suka danganta abin da tsananin zafin wanka da na gado, da gishirin da ke cikin kanwa. Mu da kanwa ke fita daga ƙasarmu ya kamata mu fi kowa jin wannan. Haka zubar da dakashi, nonon farko mai kauri da wasu tsofaffi ke cewa ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Haka cire beli da askar da ba a dafa ba. Waɗannan a bar su, ba a yi asarar komai ba.

Riƙon ma yana da bayansa. Ba kowace mai riƙo ce Baba ba. Mun san yaran da aka kai riƙo suka zama ƴan talla da ɗaukar ruwa, ƴaƴan gida na lakwal su suna bakin rijiya. A shirye-shiryenmu na rediyo, duk ranar da muka taɓo wannan magana waya ba ta hutawa, kuma masu kuka da riƙo ba su fi masu sa masa albarka yawa ba, ba su kuma gaza su ba. Sai dai abin da muke gani yanzu a gari shi ne an saki tsohon tsari ba a kama wani ba. Ma'aikaci na zaune a ɗaki biyu na haya, kaka na ƙauye, gwaggo na wani gari, maigida wataƙila yana ci-rani a Libiya ko Aljeriya. Tazarar shekara biyu da kunya ke tsarewa ta ragu a gidaje da yawa. Ranar da aka dawo daga likita da jariri, sai a ce wa yayan sayo shi aka yi, a miƙa masa waya ya yi wasa. Idan ya koma fitsarin kwance, ko ya mintsini jaririn, a ce ya lalace, a kai masa mari. A gidan su Baba, yaro mai irin wannan hali da tuni wata tsohuwa ta saɓa shi a baya ta fita da shi.

Akwai kuma ƴar raino, wadda ba a cika tunawa da ita ba. Yarinya ƴar shekara shida ko bakwai da aka ɗaura wa ƙane a baya, ƙafafunsa na dukan ƙwaurinta, tana wasan gaɗa da shi a haka. A zamanin Baba wannan ita ce makarantar ƴa mace, a nan take koyon goyo tun kafin aure, kuma shaƙuwar da ke shiga tsakanin yaya da ƙanen da ta goya ba ta da na biyu a zumuncin Hausa. Ita ce gwaggon gobe, wadda za a kai wa ƴaƴansa yaye. Yau kuwa yarinyar tana da aji da za ta shiga da ƙarfe takwas, kuma malaman lakwal na karkara sun san yadda kujerar yarinya ke zama ba kowa bayan an yi suna a gidansu. Wannan kulli ne da Baba ba ta gamu da shi ba, mu ya rataya a wuyanmu.

Bayan Turawan nan biyu sun koma, Baba ba ta daɗe ba. Ta rasu a 1951, tana da shekara saba'in da huɗu a ƙiyasi. Littafin da ke ɗauke da labarinta ya fito a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo, shekara uku bayan an rufe ta, saboda haka ba ta taɓa riƙe shi a hannu ba. A 1969 kamfanin Plon na Faris ya fitar da fassararsa ta Faransanci, Baba de Karo, a jerin littattafan Terre Humaine, wanda shi ne mafi sauƙin karantawa ga ƴan lakwal na Nijar. Jami'ar Yale ta Amurka ta sake buga na Ingilishi a 1981. A bangon littafin sunan Mary Smith ne a matsayin marubuciya, amma maganar da ke ciki, in ban da gabatarwa da ƙarin bayanin da mijinta ya yi, ta Baba ce daga farko har ƙarshe.

Allah ya jiƙanta da rahama, ya jiƙan iyayenmu da suka goya mu, waɗanda suka haife mu da waɗanda aka ba su mu.